Ranar da Mama Ta Girgiza New York

Mama ta zo mini wankan jego da jakunkuna biyu da wani dogon abu naɗe cikin zane. Jaka ɗaya kayan sawarta ne. Ɗayar turmi ne na icen kirya, cikinsa cushe da barkono da citta da kanumfari da masoro da daddawa. Dogon abin kuwa taɓarya ce. Mai gidana, wanda ya je ɗauko ta a filin jirgi, ya ce ma'aikacin da ya buɗe jakar ya daɗe yana kallon turmin kafin ya tambaya ko ganga ce. Mama ba ta jin Turanci, amma ta gane tambayar rainin hankali ce, sai ta kwatanta masa da hannu yadda ake yi. Ya ja da baya ya ce ta wuce.

A lokacin muna zaune a hawa na huɗu na wani bene a Parkchester, cikin yankin Bronx na New York. Mun sha wuya kafin mu samu gidan, kuma ya yi mana daidai: ni ma'aikaciyar jinya ce, jirgin ƙasa lamba shida na kai ni kusa da asibitin da nake aiki, shi kuma mai gidan direban bas ne, garejinsu ba nisa. Ni ce 'yar fari, don haka Mama ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "ke 'yar nan". Surukinta kuma ba ta haɗa ido da shi. In za ta yi masa magana, bango take kallo.

Kashegarin zuwanta ta kafa turmi a tsakiyar kicin ta fara daka yajin jego. Mama ba ta iya daka a hankali ba. Lugude take yi, ta cilla taɓarya sama, ta tafa hannu, ta cafe ta, tana rera waƙar zumuntar mata ta coci. Ina kwance da jariri a ƙirji, na ji sautin ya ratsa ni har ƙashi, na rufe ido na ga tsakar gidanmu a bayan Zariya. Hawaye suka zubo mini. Ban gama share su ba sai na ji wani bugu daga ƙarƙashin ƙasa yana amsa wa Mama.

Maƙwabciyarmu ce ta hawa na uku, wata tsohuwa mutuniyar Puerto Rico da ke zaune ita kaɗai. Da sandar tsintsiya take dukan silin ɗinta. Mama ta tsaya ta saurara, fuskarta ta yi haske.

"Ashe akwai mutane a garin nan," ta ce. "Ji wata tana taya ni."

Ta ƙara ƙarfi.

Na yi mata bayani a ranar, na sake yi washegari. Na ce Mama, ƙasan kicin ɗinmu rufin ɗakin wata ne. Ta ce to ita wa ya aike ta kwana a ƙarƙashin kicin ɗin mutane? Muka shimfiɗa wa turmi tawul, muka ɗora shi a kan filo, har katifar jariri sai da muka gwada. Tsintsiya ba ta fasa ba. Daga nan sai ofishin masu kula da gidajen suka fara aiko da gargaɗi. Na ƙarshensu ya fito fili ya ce in aka sake kai ƙararmu, za su duba batun zamanmu a gidan. Ga ɗanyen jego, ga jariri, ga sanyi a waje. Wanda ya taɓa neman gidan haya a New York ya san me wannan magana take nufi.

Na ɗauko injin markaɗe na ajiye a gaban Mama. Ta dube shi kamar an kawo mata mataccen ɓera. Na zuba kayan yaji na danna, na miƙa mata garin. Ta ɗanɗana da ɗan yatsa ta ce, "Wannan ai an tsorata shi ne kawai, ba a daka shi ba." Na fusata, kuma ni fushina ba ya tsayawa a rabi. Na ce in aka kore mu, a ina za ta yi mini wankan, a bakin titi? Na ce ba Zariya ba ce nan. Sai ta yi mini alkawari ba za ta ƙara ɗaga taɓarya ba. Muka tura turmin bayan ƙofar kicin, na kifa masa kwandon wanki.

Ta riƙe alkawarin har makonni. Tana dafa ruwan wanka, tana dama kunun kanwa, tana gasa mini ƙauri a tanda, amma gidan ya yi tsit, ita ma ta yi tsit. Takan tsaya bakin taga ta kalli jajayen benaye. In ta gaida mutum a lif da "sannu", sai ya kalli wayarsa. Wata rana ta ce mini, "Garin nan ko faɗuwa ka yi ba wanda zai ji."

Ranar da abin ya faru Juma'a ce, da hantsi. Mai gida yana wajen aiki. Ni ina banɗaki cikin tururin ruwan zafi, jariri yana barci. Yajin da ta daka tun farko ya ƙare, kuma a wajen Mama mai jego ba yaji kamar mota ce ba mai. Ta lissafa cewa ƙarar ruwa za ta rufe mini kunne. Ta ɗage kwandon wanki, ta zuba barkono da citta, ta yi niyyar bugu kaɗan, a hankali, yadda ko Allah zai yi mata uzuri. Amma hannu ya saba. Ta ɗaga taɓarya har sama, ta sauke ta da dukan kewar da ta tara.

Sai benen ya motsa.

Ina cikin baho na ga ruwa yana rawa. Madubi ya hau kaɗawa, kwalaben man shafawa suka bi juna zuwa ƙasa, wani gurnani ya taso kamar jirgin lamba shida ya bar hanyarsa ya shigo ta ƙarƙashin gidan. Bai daɗe ba ya tsaya. Na fito a guje da tawul, na duba jariri, ko juyi bai yi ba. Na shiga kicin na tarar da Mama tsaye riƙe da taɓarya, idonta a kan turmi, cokula na ta lilo a jikin bango. Daga ƙasa kuma tsintsiya ta fara aiki, da ƙarfin da ban taɓa ji ba.

"Sau ɗaya ne," in ji Mama. "Ke 'yar nan, Allah na gani, sau ɗaya na buga."

Wayata ta fara kuka. Mai gida ne.

"Kin ji earthquake ɗin? Kuna lafiya? Ina kan red light na ji bas na shaking, na zaci passengers ne ke faɗa a baya."

Na ce muna lafiya. Na juya na ce, "Mama, girgizar ƙasa ce. Har inda yake ya ji."

Ta dafe ƙirji. "Har can ta kai?"

Na kunna talabijin don in nuna mata. Kuskure ne babba. Ga taswira an zana da'ira, ga Brooklyn, ga New Jersey, ga garuruwan da ban taɓa zuwa ba, ko'ina mutane sun fito titi da silifas suna ba da labari. Duk garin da na fassara mata sunansa sai ta ƙara nutsewa cikin kujera. Da aka ce an ɗan dakatar da tashin jirage a filin jirgi, sai ta rufe fuska da zane ta ce, "Har matafiya na tsare."

Na zauna na yi mata bayani irin na wadda ta yi makaranta. Na ce masana sun ce a ƙarƙashin wannan yanki akwai tsofaffin tsagogi a cikin dutse, tun kafin a yi mutane. Ba kasafai suke motsi ba, shi ya sa kowa ya ruɗe, amma wani lokaci sukan ɗan gyara kwanciya. Na ce har ƙarƙashin titi na 125 a Harlem, inda muka kai ta ta ga 'yan Nijar masu kasa kaya, an ce akwai tsaga guda.

Mama ta sauke zanen a hankali. Ta dube ni, irin kallon da take yi mini tun ina ƙarama in na fasa tulu.

"Kun san ƙasar a tsage take, kuka bar ni ina daka a kanta?"

"Mama, ba haka nake nufi ba."

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da a gida ne, ko mu goma muka haɗu a kan turmi ƙasa ba ta ko tari. Wannan kuwa dama saura ƙiris take jira." Ta miƙe ta ɗaura ɗankwali. "Tashi ki goya yaron. Wanda ya yi ɓarna shi ke zuwa ba da haƙuri."

A duk faɗin birnin, ranar ce kaɗai da za a yi daka a gidanmu a ɗora wa ƙasa laifi. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Abin da ake bukata kawai shi ne mu yi shiru. Ga Mama tana shirin bin ƙofa ƙofa tana shelar cewa ta karya dokar da za ta raba mu da gidan. Na roƙe ta, na yi faɗa, na tuna mata ban yi arba'in ba, bai kamata in fita ba. Ta ce cikin bene ɗaya ba fita ba ne. Ta ƙulla ɗan barkonon da ta fara dakawa cikin ƙananan ledoji, don ba a zuwa ba da haƙuri hannu rabbana. Sannan ta ɗauki taɓarya.

"Ita kuma fa?"

"Shaida."

Na bi ta ne da dabara guda: ni ce tafinta, abin da na ga dama shi zan fassara. A ƙofar farko wani ɗan Bangladesh ya buɗe. Mama ta rusuna ta ce ita ce ta jawo, a yafe mata. Na ce masa da Turanci mahaifiyata tana yi muku jajen abin da ya faru. Ya yi murmushi zai gode, sai Mama ta buga ƙirjinta ta ce, "Sori. Mi." Ta ɗaga taɓarya ta kwatanta bugun, sannan ta karkaɗa jikinta duka ta nuna yadda benen ya yi. Mutumin ya karɓi ledar barkono da hannu biyu ya rufe ƙofa a hankali. Na ji ya murza makulli.

A hawa na biyar muka faɗa hannun wata 'yar Ghana mai Hausar zangon Kumasi, irin wadda ba ta raba mace da namiji. A nan tafinta ba shi da aiki.

"Mma, kai ne ka yi wannan?" Ta riƙe ƙofa tana dariya har da hawaye. "Gobe ka zo da turmin wurin aikina. Manaja na yana zaune second floor."

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ce ba abin wasa ba ne, akwai masu hawan jini.

Muka sauko hawa na uku. Ina tafe ina jin kamar ana jan ni zuwa mahauta. A raina har na fara tunanin wace 'yar cocinmu ce ke da falon da zai ɗauke mu. Tsohuwar ta buɗe ƙofa da tsintsiya a hannu. Ƙaramar mace ce, gashinta fari fat, tabarau na rataye a wuyanta. Mun yi makonni muna yaƙi da ita ta cikin siminti, amma ranar Mama ta fara ganin fuskarta. Ban ko buɗe baki ba. Mama ta durƙusa har ƙasa, ta kwantar da taɓarya a gaban matar, ta buga ƙirji. "Sori. Mi."

Tsohuwar ta kalli taɓarya, ta kalli Mama. Sai ta jingine tsintsiya ta ɗaga hannu sama.

"Na faɗa musu," ta ce da Turanci. "Na faɗa musu ita ce."

Ashe tun benen bai gama rawa ba ta kira ofis ta kai ƙararmu. Wadda ta ɗauki wayar ta ce mata, Madam, girgizar ƙasa ce, duk jihar ta ji. Tsohuwar ta ce ita ta san abin da ta ji, daga saman kanta ya fara. Aka yi mata dariya. Ta kira 'yarta a Florida, ita ma ta yi mata dariya, har ta tambaye ta ko ta sha maganinta. Tun safe take zaune da takaici an mai da ita ruɗaɗɗiyar tsohuwa. Ga shi yanzu mai laifi ta kawo kanta, har da makami.

Ta kama hannun Mama ta ɗaga ta, ta ja ta ciki. Na bi su da goyo. A duk New York mutum biyu ne kaɗai suka san ainihin abin da ya girgiza birnin, ga su nan zaune a kujera ɗaya, ɗaya ba ta jin yaren ɗaya. Tsohuwar ta dafa mana kofi mai kauri. Ta ce in gaya wa Mama kowa a benen ya tsorata ya gudu waje, ita kaɗai ce ba ta ji tsoro ba, don ta san wanda ya yi. Mama ta ce in gaya mata ta gode da wannan shaida. Daga nan tsohuwar ta shiga kicin ta fito da wani ɗan turmi da bai wuce kofi ba, ta ce da shi take daka ayaba da tafarnuwa, na mahaifiyarta ne. Mama ta juya shi a tafin hannu, ta ce icen mai kyau ne, Allah ya raya shi.

Da na samu sarari na tambayi matar, cikin ladabi, ko za ta sake kiran ofis.

"In ce musu me? Sun riga sun rubuta ni mahaukaciya."

Da yamma Mama ta dama kunun gyaɗa ta ce a kai wa ƙawarta. Muka sake sauka tare. Taɓaryar na nan inda aka jingine ta tun safe, kusa da tsintsiya. Muna zaune, kofi a hannun kowa, sai ƙasa ta sake motsawa. Wannan karon kaɗan ne, hotunan bango suka ɗan kaɗa, fitila ta yi lilo, shi ke nan. Na miƙe tsaye don murna.

"Kin gani, Mama? Ga hannunki, ga taɓarya can. Wa ya yi daka yanzu?"

Mama ta kurɓi kofinta. "Ragowar na safe ne. Ke ba ki taɓa jin turmi yana amo bayan an sauke taɓarya ba?"

Tsohuwar ta ƙara sautin talabijin. Wani masani mai farin gemu yana bayani cewa wannan ƙaramar girgiza ta biyo bayan ta safe ce, daga gare ta ta fito, kuma za a iya jin wasu. Mama ta ce me yake cewa. Na fassara mata gaskiya. Ta gyaɗa kai. Tsohuwar ma ta gyaɗa kai. Na koma na zauna.

Daga ranar Mama ba ta ƙara taɓa turmi ba. Ban roƙe ta ba, ofis ma bai ƙara aiko da komai ba. Ta ce ba za ta rusa wa jikanta gida a ka ba, kuma ƙasar da ba ta ɗaukar bugu ɗaya sai a lallaɓa ta. Ta koyi danna injin markaɗe, tana yi tana kau da kai. Sai dai tafiyarta ta canja. Tana shiga lif kanta a sama, kuma yanzu ana amsa gaisuwarta, don labari ya zaga benen. Ɗan Bangladesh ɗin har riƙe mata ƙofa yake yi. Kullum da la'asar takan sauka hawa na uku, su zauna su biyu, wannan na Hausa wannan na Sifaniyanci, ina jiyo dariyarsu ta ƙasan kicin. Mai shagon da muke sayen gero a titi na 116, ɗan Maraɗi, da ya ji labarin ya ce, "Hajiya, in za ki sake, ki yi mini téléphone in sauke kwalabe daga kan kanta." Mama ta ce ita ba Hajiya ba ce, kuma ta tuba.

Na samu abin da nake so. Gidan ya tsira, ina ta cin yajin inji, kuma gaskiyar Mama ce, an tsorata shi ne kawai.

Da lokacin komawarta ya yi, ta ce ba za ta ɗauki turmin ba. Ta ce na yaron ne, in ajiye masa, amma kada in kuskura in yi daka a ciki sai mun koma inda ƙasa take da ƙwari. A filin jirgi ta kalli bango ta gode wa surukinta. Ni kuma ta ce mini, "Ke 'yar nan, ki riƙa taka ƙasar nan a hankali."

Turmin ya zauna bayan ƙofar kicin, muna zuba lema a ciki. Yaro ya fara rarrafe, ya fara tafiya. Wata ranar hutu ina gida ni kaɗai, kewar Mama ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Na zare lemomin, na ja turmin tsakiyar kicin, ba komai a cikinsa. Na ɗaga taɓarya har sama na sauke da iya ƙarfina, na tsaya ina jira. Ko cokali bai motsa ba. Tsintsiya ma ba ta amsa ba.

Can sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohuwar ce, tana haki don ba ta jira lif ba, ta shafa jan baki, riƙe da farantin kek a lulluɓe. Ta leƙa ta bayan kafaɗata zuwa kicin.

"Mama ta dawo?"

Na ce a'a, ni ce.

Ta tsaya da farantin a hannu. "Na ji bai kai nata ba," ta ce. "Na zaci gajiyar hanya ce."